On the Waterfront: fim ɗin 'yan dakon bakin teku, da irin kwafin da za ka nema a Damagaram

Mai neman wannan fim a Damagaram sai ya riƙe sunaye biyu. Da Turanci On the Waterfront, da Faransanci kuwa Sur les quais, domin masu tura fina-finai a waya, na wajen Kasuwar Dole ko na Zango, sukan ajiye fayil da sunan da ya zo musu da shi. Kada ka yi mamaki in mai shago ya buɗe, ya ga hoto baƙi da fari, ya juyo ya ce, "Malam, wannan fa ya lalace, babu kala." Bai lalace ba, haka aka ɗauke shi. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a 1954, Elia Kazan ya ba da umarni, Budd Schulberg ya rubuta labarin, Marlon Brando ne jarumi, tsawonsa minti 108. An sa shi takarar Oscar sau 12, ya ci 8. Ya cancanci wurin da zai ci a memori da awa biyun da zai ci maka, amma sai in ka samu kwafi mai kyau, don mummunan kwafi yakan kashe daidai abin da ya sa fim ɗin ya yi suna. Wanda ba ya son a faɗa masa ƙarshen labari ya kalla tukuna, domin za mu taɓa ƙarshen.

Ana yawan cewa fim ne a kan jarumtar mutum guda. Akwai wannan, sai dai ƙarfinsa na gaske yana wajen nuna yadda ake mallake talaka ta ƙofar aikin yini. A tashoshin jiragen ruwa na New York da New Jersey a wancan zamani, ɗan dako ba shi da aikin dindindin. Kullum da safe ɗaruruwan maza su taru a ƙofar ma'ajiyar kaya, kowa da ƙugiyarsa ta ƙarfe, su yi da'ira cikin sanyi. A busa usur. Mai ɗiba, wanda a fim ake kira Big Mac, ya fito da guntayen ƙarfe a hannu, kowane guntu shi ne tikitin aikin ranar. Wanda ya miƙa wa ya shige ciki. Wanda bai samu ba ya koma gida hannu rabbana, gobe ma ya dawo ya tsaya. Maza sun fi guraben aiki yawa nesa ba kusa ba, kuma masu cin moriyar abin ba sa son a gyara, saboda muddin mutum biyu ko uku na neman gurbi ɗaya, to wuƙa da nama suna hannun mai ɗiba.

Ka lura da yadda Kazan ya ɗauki wannan wuri. Big Mac ya fara da na gida, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, aikin da ba shi da wahala ya ba Terry Malloy, yaron maigida. Da ragowar guntayen suka yi kaɗan, maza suka matso suna miƙo hannu, sai kawai ya watsa su sama ta bayansa. Manyan mutane, wasu da furfura, suka zube ƙasa suna kokawa da juna a kan guntun ƙarfe. Ba a yi wani dogon bayani ba. Kyamara ta tsaya a inda limamin coci da wata yarinya suke kallo, kai ma kana kallo tare da su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga yadda 'yan dako ke rugawa in babbar mota ta iso daga Kano ko daga Lome, ya kuma ga wanda ke nuna wa zai hau wa zai jira, ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan wuri, ko da yake Damagaram ba ta da teku.

Shi kansa mai ɗiba yaron wani ne. Sandikar 'yan dako, reshe na 374, tana hannun Johnny Friendly, wanda Lee J. Cobb ya fito a matsayinsa. Akwai wani zama a ɗakin baya na mashayarsa, kusa da farkon fim, wanda ya kamata a kalla sau biyu, domin a nan aka baje lissafin ɓarnar gaba ɗaya. Mambobi 2,000 ne ke biyan kuɗin ƙungiya, dalar Amurka 72,000 a shekara, wannan shi ne na halal a takarda. A kansa kuma kowane ɗan dako yana cusa wani abu kullum don a ci gaba da ɗibarsa. Sai kason da ake yanka a kan duk kayan da suka shiga ko suka fita. Sai mai ba da bashi da ruwa, wanda ya kawo ƙara cewa akwai wani da ya ƙi cin bashi amma ana ba shi aiki, Big Mac ya kare kansa da cewa ɗan'uwan matarsa ne. Ka ga ke nan cin bashin ma sharaɗi ne na samun aiki. Sannan wani ya kawo shawarar a janye ma'aikata daga jirgin ayaba da zai iso washegari, tunda ayaba ba ta jira, masu kaya za su biya da gaggawa. Yajin aiki, makamin da aka ƙirƙira don talaka, ya zama sandar karɓar kuɗi. A wannan zaman ne kuma Friendly ya nuna tabon da ke wuyansa, ya ce su goma uwarsu ta raina da ɗan fanshon mai gadi, yana ɗan shekara 16 yake roƙon a ba shi aiki a cikin jirgi. Wannan ya sa ba za ka iya ɗaukarsa dodon tatsuniya ba. Daga cikinsu ya fito, ya san inda ke musu ciwo.

Ba daga ka Schulberg ya ƙago waɗannan abubuwa ba. A 1948 ɗan jarida Malcolm Johnson ya buga jerin rahotanni 24 a jaridar New York Sun a kan ta'asar da ake yi a tashar, ya ci kyautar Pulitzer a 1949. Hukumar binciken laifuka ta jihar New York ta yi zaman sauraron shaidu, a 1953 kuma babbar ƙungiyar ƙwadago ta Amurka, AFL, ta kori sandikar 'yan dako ta ILA daga cikinta, jihohin New York da New Jersey suka kafa hukumar sa ido a kan tashar, aka soke ɗiban ma'aikata a bakin ƙofa. A garin Hoboken aka ɗauki fim ɗin, cikin kwana 36 a tsakiyar hunturu, da 'yan dako na gaskiya a cikin taron jama'a. Tururin da ke fita daga bakin 'yan wasa na sanyi ne na gaske. Uku daga cikin 'yan dabar Friendly ma, Tony Galento da Tami Mauriello da Abe Simon, tsofaffin 'yan damben zamani ne da kowannensu ya taɓa karawa da Joe Louis, shi ya sa fuskokinsu ba su yi kama da na 'yan fim ba.

Labarin kansa gajere ne. Terry tsohon ɗan dambe ne da ya koma ɗan aike, yana kiwon tattabaru a saman bene. Aka aike shi ya yaudari Joey Doyle ya hau bene da dare, da sunan ya tsinto masa tattabararsa, yana zaton tsorata shi kawai za a yi. Aka wurgo Joey ƙasa, saboda zai je ya ba da shaida. Unguwa ta sani, mahaifin Joey ya sani, amma dokar tasha ita ce kowa kurma ne kuma bebe. Sai ƙanwar mamacin, Edie, wadda ke karatu a makarantar mata masu zaman zuhudu, ta ƙi yin shiru. Terry ya kamu da sonta. Yayansa Charley kuwa shi ne mai riƙe wa Friendly lissafi. Daga nan kome ya rataya a kan tambaya ɗaya, ko Terry zai amsa sammacin hukuma ya faɗi abin da ya sani.

Wasan Brando ba a baki yake ba, a hannu yake da ido. Dubi inda yake raka Edie ta cikin wani fili mai hazo. Safar hannunta fara ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, maimakon ya miƙa mata sai ya zauna a kan lilon yara yana kakkaɓe ta, yana cire mata ƙura, ƙarshe ya zura katon hannunsa a ciki. Ita tana son tafiya, ba ta iya tafiya ba tare da safarta ba, kuma kunya ta hana ta fizge. Maganar da suke yi a lokacin ba ta da wani nauyi. Safar ce ke ba da labarin. Eva Marie Saint, wadda wannan ne fim ɗinta na farko, ta ci Oscar da shi, kuma in ka dubi yadda hannunta ke miƙewa ya dawo za ka ga dalili.

Sai zaman cikin taksi, wanda ya fi kowane wuri suna. An ba Charley zaɓi, ko ya rufe bakin ƙanensa ko ya kai shi inda za a gama da shi. Ya fara da tayin aiki mai dala 400 a mako. Terry ya ƙi ba da amsa. Charley ya zaro bindiga. Wani ɗan wasan da sai ya zabura ko ya daka tsawa. Brando sai ya sa tafin hannu a hankali ya kawar da bakin bindigar, yana girgiza kai, fuskarsa ba tsoro sai takaici, irin na ƙanen da ya ga yayansa ya zubar da girmansa. Daga nan ya tuna masa daren da Charley ya shigo ɗakin shiri ya ce ya faɗi da gangan saboda maigida ya sa kuɗin caca a kan abokin karawarsa, ya ce masa shi yayansa ne, ya kamata ya tsare shi. Rod Steiger, mai wasan Charley, ya yi nasa ɓangaren na kusa da kyamara ba tare da Brando a gabansa ba, don Brando yakan tashi aiki da ƙarfe 4 na yamma, kuma an daɗe ana jin haushin a bakin Steiger. Labulen sala-sala da ke gilashin baya ma dabara ce ta rufe rashi, tunda ba a tanadi hoton titi da za a haska a bayansu ba. Rashin ya zama riba, domin ba abin da ke janye ido daga fuskokin nan biyu.

Limamin coci, Barry, wanda Karl Malden ya yi, an gina shi a kan mutum na gaskiya, John Corridan, limamin Katolika da ya yi shekaru yana faɗa da ɓarnar tashar. Mai kallo Musulmi zai tarar da wa'azin Kirista tsantsa a tsakiyar fim, lokacin da aka sako wa wani ɗan dako, Kayo Dugan, lodin akwatunan barasa a ka, bayan ya ba da shaida a asirce, Barry ya tsaya a kan gawar a cikin jirgi yana magana ana jifansa. Ba sai ka bi addininsa ba kafin ka gane abin da ake nufi. Mutum ne da ya fara da cewa in ana nemansa yana coci, Edie ta ba shi kunya, ya fito. Amma mu faɗi gaskiya, wa'azin ya yi tsawo, kuma Malden yana wasa da murya ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ba shi kaɗai ne aibin fim ɗin ba. Kiɗan Leonard Bernstein, wanda shi ne kaɗai kiɗan da ya taɓa tsarawa musamman domin fim, yana da kyau in an saurare shi shi kaɗai, amma a wurare da dama yakan danne magana, ya faɗa maka abin da za ka ji tun kafin ka ji shi. Wurin da Terry ya ɓalle ƙofar Edie ya rungume ta da ƙarfi tana ture shi, fim ɗin ya ɗauke shi a matsayin soyayya, mai kallo na yau kuwa zai ga wani abu daban. Baƙaƙen fata suna da yawa a cikin 'yan dakon New York na lokacin, amma wanda aka ba baki a fim bai wuce wani Luke ba, shi ma 'yan kalmomi.

Babban aibin yana ƙarshe. Terry ya ba da shaida, abokai suka juya masa baya, yaron da ke taya shi kiwo ya kashe masa tattabaru duka. Ya sa rigar sanyin Joey ya tafi wurin ɗiba, aka ɗebi kowa, har da wani mashayi da aka jawo daga titi, aka bar shi tsaye shi kaɗai. Har nan babu abin cewa, nan ne ma fim ɗin ya fi faɗin gaskiya. Sai kuma aka yi dambe, aka yi masa jina-jina, ya miƙe yana tangaɗi ya shiga ƙofar aiki, ɗaruruwan maza suka bi bayansa. Mazan da jiya ba su iya ɗaga ido ba, yau sun sami sabon wanda za su bi. Ba su yi taro ba, ba su zaɓi kowa ba, kuma wanda ke tsaye a ƙofa yana kiransu aiki shi ne dai mai kamfanin jiya. Mai sharhi ɗan Ingila Lindsay Anderson ya soki wannan ƙarshe da zafi tun 1955. Tarihi ma bai goyi bayan fim ɗin ba, domin a zaɓen da aka yi wa 'yan dako a Disamba 1953 da kuma Mayu 1954, tsohuwar sandikar ce ta ci, da ƙaramar rata. Shi kansa Schulberg da ya mayar da labarin littafi a 1955, kashe Terry ya yi. Abin da ya sauya tashar daga baya kwantena ce: a Afrilu 1956 jirgin Ideal X ya tashi daga Newark da kwantena 58, daga nan ƙugiya ta fara zama tarihi, dubban 'yan dako kuma suka rasa abin yi.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye wa mai kallo ba. A Afrilu 1952 Kazan ya gurfana gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar 'yan kwaminisanci, ya ba da sunayen mutum 8 da suka yi wasan kwaikwayo tare a shekarun 1930. Schulberg ma ya ba da sunaye a 1951. A lokacin, duk wanda sunansa ya fito yana iya rasa aiki a masana'antar fim. Kazan ya amsa a littafin tarihin rayuwarsa na 1988 cewa yana ganin kansa a cikin Terry. Kwatancen bai zauna ba. Terry ya tona masu kisan kai ya rasa yayansa da abokansa, Kazan ya ba da sunayen 'yan wasa ya ci gaba da aikinsa. Har a 1999, da aka ba shi Oscar ta girmamawa, wasu a zauren sun ƙi tafi. Sanin wannan bai rage wa zaman taksi kome ba, amma yana bayyana dalilin da ya sa aka tsara labarin yadda mai kallo ba shi da wata hanya sai ya goyi bayan mai ba da shaida.

To, batun kwafi. Kafin mai shago ya tura maka, ka ce masa, "Ɗan'uwa, duba mani tsawonsa da nauyinsa." In ya nuna awa 1 da minti 47 ko 48, cikakke ne a saurinsa na asali. In ya nuna awa 1 da minti 43 ko 44, shi ma cikakke ne, daga faifan Turai aka ciro shi, inda ake gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai fim ya gajarta da kusan kashi 4 cikin 100, murya ta ɗan yi siriri. Abin da ya gaza awa 1 da minti 40 an yanke shi, ka bar shi. Wajen nauyi, kwafin mega 700 bai kai megabit 1 a daƙiƙa ba. A ƙaramar waya zai wuce, a tele kuwa a'a. Dalili shi ne Boris Kaufman, mai ɗaukar hoton, wanda ya yi aiki a Faransa da Jean Vigo kafin ya koma Amurka, ya cika fim ɗin da hazo da hayaƙi da toka-toka mai hawa-hawa, ga kuma ɓurɓushin da tsohon fim ke da shi. Waɗannan su ne abin da matse fayil ke fara cinyewa. Hazo ya koma 'yan akwatuna masu rawa, duhu ya dunƙule ya zama baƙi ɗaya, fuska ta yi sumul ba ko layi. Nemi 720p mai nauyin giga 1.5 zuwa 2, ko 1080p in telenka ta wuce inci 40. Gwajin ba shi da wuya: buɗe mintunan farko, inda Terry ke tsaye a titi da dare yana kiran Joey. In kana ganin zanen rigarsa mai gida-gida da mutanen da ke tsaye a saman bene, kwafin ya yi.

Fasalin hoton yakan rikita mutane, domin iri uku ne ke yawo kuma dukansu halal ne. An yi fim ɗin daidai lokacin da gidajen sinima ke komawa allo mai faɗi, sai aka ɗauke shi yadda za a iya haska shi ko ta yaya. Na 1.33:1 yana barin baƙi mai faɗi a dama da hagu na tele ta zamani, kuma ya fi nuna sama da ƙasa. Na 1.85:1 yana barin siririn baƙi a sama da ƙasa, fuskoki su fi cika allo. Na 1.66:1 yana tsakiya, shi muka fi so, don ƙugiyoyi da hannaye ba sa fita daga hoto. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga baƙi a gefe a danna madannin cika allo, sai Brando ya koma gajere mai faɗi. A bar shi a kan girmansa na asali. A manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta, harafin A ne ke sauya fasalin. A saitin tele kuma a bar yanayin hoto mai ƙyalli a koma na sinima, a kashe abin da ke sulɓe motsi da abin da ke goge ɓurɓushi, a rage kaifin hoto.

Murya ta fi kome ba da wahala. Asalin sautin fim ɗin hanya ɗaya ce. Wasu kwafin suna zuwa da sabon haɗi na lasifika shida, wanda in aka kunna shi a tele mai lasifika biyu magana takan nutse, ƙahonin Bernstein su taso, ga Brando da ma cikin haƙora yake magana. In fayil ɗin yana da zaɓi, a ɗauki na asali. In hoto na tafiya babu sauti sam, ba lalacewa ba ce, galibi sautin DTS ne ko AC3 wanda ƙananan dikoda da wasu tele ba sa karantawa, sai a nemi mai AAC ko a kunna ta VLC. In kuma sauti na fita allo baƙi, to fayil ɗin x265 ne, tsohuwar na'ura x264 take ganewa. Fayil da ya wuce giga 4 ba ya shiga kile ko memori mai tsarin FAT32, komai yawan wurin da ya rage. Kada a karɓe shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo, don za a sake matse shi, a tura ta Xender ko ta kebul.

Wanne harshe? Akwai kwafi mai muryar Faransanci, ya fi sauƙin bi ga wanda ya yi lakwal, amma rabin wasan Brando a muryarsa yake. Gara muryar asali da rubutun Faransanci a ƙasa. A nan ma akwai tarko. In rubutun na kwafin Turai ne, hoton kuma na Amurka, za su fara daidai sannan su riƙa rabuwa, kusan minti 2 da rabi a kowace awa, har ka iso taksi rubutu ya riga baki nesa. Matsar da rubutu da G da H a VLC yana gyara tazarar da ba ta sauyawa ne kawai, wannan kuwa ƙaruwa take yi, sai dai a nemo rubutun da ya dace da tsawon fayil ɗin. Saboda haka tun a shago a gwada wuri biyu, farko da kusa da ƙarshe.

Yawancin abin da ke yawo a memori ba a san asalinsa ba. Mai son na gaskiya, in yana da ɗan'uwa a Faransa, ya sa a sayo masa faifan DVD na can, mai Faransanci a murya da rubutu. Ɗaya daga cikin masu kyawun hoto da aka fi sani shi ne na kamfanin Criterion na 2013, wanda aka sabunta daga tushe kuma ya haɗa fasali ukun nan duka, sai dai Blu-ray ɗinsa an kulle shi ga na'urorin yankin Amurka, ba zai buɗe a na'urar da aka sayo daga Turai ba, rubutunsa kuma Turanci ne kaɗai.

In za a haska wa jama'a, a fada ko a ofishin sandika, a jira bayan isha'i, domin fim marar launi ba ya jure hasken rana a kan allo. Tele ta zamani mai inci 32 galibi ba ta wuce wat 50 ba, awa biyu wat-awa 100 ke nan, batirin sola mai bolt 12 da amfiya 40 zai kai ku ƙarshe ko an ɗauke wuta. Ba na ƙananan yara ba ne, akwai duka da jini da gawa rataye a ƙugiya. A samu mutum ɗaya mai jin harshen ya zauna kusa da rimot, ya dakatar ya fassara da Hausa a wuraren da magana ce ke ɗauke da labari: lissafin ɗakin mashaya, taron ƙarƙashin coci, wa'azin cikin jirgi, taksi, da zaman ba da shaida. Wurin da Terry ke faɗa wa Edie gaskiya kuwa, in ƙarar jirgi ta rufe maganarsa, kada a tashi taɓa lasifika. Da gangan aka yi shi haka.